Yadda ake binciken hatsarin da ya raunata ma'aikaci a wurin gini

Na daɗe ina kallon sababbin jami'an kula da lafiyar ma'aikata a lokacin da aka ba su binciken hatsari na farko, kuma kusan dukansu a wuri ɗaya suke ɓata hanya. Sukan isa wurin ginin da tambaya guda a bakinsu, wato laifin wane ne, kuma kafin rana ta faɗi sun riga sun rubuta cewa lebura ne bai yi hattara ba, an ja masa kunne, aiki ya ci gaba. Bayan 'yan watanni sai wani ya faɗo daga daidai wannan wurin, domin abin da ya kayar da na farko yana nan ba a taɓa shi ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa aƙalla mutum 60,000 ne ke mutuwa kowace shekara a wuraren gini, kuma hanyoyin mutuwar sanannu ne. Hukumar OSHA, mai kula da lafiya da tsaron ma'aikata a Amurka, ta ware huɗu da suka fi kisa: faɗowa daga sama, bugun wani abu mai nauyi, jan lantarki, da dannewa ko matsewa tsakanin abubuwa. Aikin mai bincike shi ne ya gano dalilin da ya sa haɗarin da kowa ya sani ya samu ƙofa a wannan wuri, a wannan rana.

Ba zan tsaya kan agajin gaggawa ba, domin wanda aka ɗora wa wannan aiki ya kamata a ce ya san shi. Abin da zan tuna kawai shi ne kada a ƙara majinyaci na biyu. Ba a taɓa wanda lantarki ya kama sai an kashe wutar, ba a tsallaka cikin ramin da ya rufta don ceto sai an tokare bangonsa, kuma wanda ya faɗo daga sama ba a ɗaga shi da hannu da ƙafa sai in barinsa a wurin ya fi haɗari. Wanda kuwa ɗamarar tsaro ta tare shi yana reto a iska, a sauko da shi da gaggawa, domin jini yana taruwa a ƙafafunsa. Daga nan a sanar da hukumar da doka ta ce a sanar. Wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa; a Amurka awa 8 ne idan an rasa rai, awa 24 idan an kwantar da mutum a asibiti ko ya rasa wata gaɓa ko ido.

Da zarar an tafi da majinyaci, mataki na gaba shi ne killace wurin, kuma a nan ne za ka fara samun tirjiya. Mai kula da leburori zai so a share, a kwashe ɓaraguzai, a gyara dandamalin hawa gini da ya karye, wani lokaci don tausayin masu kallo, wani lokaci don kada a ga abin da bai kamata a gani ba. Ka ɗaura igiya, ka sa mutum ya tsaya, kada a motsa ko da ƙusa ɗaya. Ka ɗauki hoto daga nesa yadda dukan wurin zai fito, sannan ka matso, sannan ka zo dab da abin, kuma a hotunan kusa ka shimfiɗa tef ɗin awo a gefe don a ga girma. Wayar hannu ta isa wannan aiki, babu buƙatar a kashe kuɗi a kan kyamara ta musamman, amma hoto ba ya maye gurbin zane da awo a takarda. Ka auna tsayin da mutumin ya faɗo, domin a dokar gini ta Amurka daga ƙafa 6, wato kusan mita 1.8, wajibi ne a samar da kariya. Idan tsani ne, ka duba ko an ja gindinsa mita 1 daga bango a kan kowace mita 4 ta tsayi, ko kansa ya zarce wurin sauka da kusan mita 1, ko an ɗaure shi. Idan rami ne, ka auna zurfinsa da tazarar da ke tsakanin bakinsa da tulin ƙasar da aka haƙo, ka kuma tuna cewa ƙasar da ta cika mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi ta fi tan ɗaya nauyi.

Abin da ya karye shi ne babban shaidarka, don haka ka ɗauke shi da kanka, ka rubuta masa lamba da kwanan wata, ka kulle shi. Na taɓa riƙe katakon da ya tsage a ƙarƙashin wani birkila, kowa yana cewa nauyin bulo ne ya yi masa yawa. Da na juya bakin karayar sai na ga rabinta fari ne tas, sabon tsagi, ɗaya rabin kuma ya yi baƙi, da busasshen siminti a cikin tsagar. Katakon ya daɗe da tsagewa, an kuma ci gaba da tafiya a kansa. Haka ƙarfe yake, tsatsa a fuskar karaya tana nuna tsohon rauni. Kada ka bari a haɗa ɓangarorin biyu don a gwada yadda suke da, domin gogar juna tana share wannan alama. Ɗamarar da ta riga ta tare faɗuwa kuwa ta gama aiki, ba a mayar da ita cikin kaya.

Yanzu ga matakin da ya kayar da ni a bincikena na farko, kuma shi ne yake kayar da mafi yawan waɗanda na horar: jin ta bakin shaidu. Abin da na yi a wancan lokaci shi ne na tara ma'aikata shida a inuwa, mai kula da su yana tsaye a gefena, na tambaye su abin da ya faru. Babbansu ya yi magana, sauran suka gyaɗa kai, na rubuta cewa shaidu shida sun yi ittifaƙi. Ashe shaida ɗaya na samu, shi ma jiyau ne, domin yana bayan gini lokacin da abin ya auku. Yaron da ya ga komai da idonsa bai buɗe baki ba, saboda maganarsa za ta nuna cewa tun da safe aka cire shingen gefen don a shigo da rodi, kuma wanda ya ba da umurnin yana tsaye yana kallonsa.

Saboda haka dokata ita ce mutum ɗaya a lokaci ɗaya, a wurin da babu shugabansa, kuma a ranar da abin ya faru ko washegari, kafin labarin ya zaga ya zama iri ɗaya a bakin kowa. Na fi son a yi maganar a tsaye a wurin da mutumin yake lokacin hatsarin, domin da ka tsaya a inda ya tsaya za ka gane abin da zai iya gani da abin da ginshiƙi ya tare masa. Ka fara da gaya masa gaskiyar abin da ya kawo ka: "Malam, ban zo don a kori kowa ba, so nake in san yadda aikin yake tafiya kafin wannan abu." Amma kada ka yi alkawarin da ba ya hannunka. Sannan ka yi shiru ka bar shi ya ba da labari tun daga shigowarsa da safe, ko da ya yi ta kewaye, domin a cikin kewayen ne za ka ji cewa injin ɗaga kaya ya lalace tun jiya, ko an ce lallai a gama zuba kankare kafin dare.

Ka kiyayi tambayar da take ɗauke da amsarta. Idan ka ce "bai ɗaura ɗamara ba ko?" to ka riga ka sa masa magana a baki, zai ce haka ne don ya rabu da kai. Ka ce "me yake sanye da shi?" sannan ka bi da "a ina ake maƙala igiyar a wannan hawa?" Sau da yawa amsar ita ce babu inda za a maƙala ta. Tambayar da ta fi kowace amfani a wurina ita ce "yaya kuka saba yin wannan aiki?" domin tana raba abin da aka rubuta a ofis da abin da ake yi a fili. Idan mutum goma suna yin abu ɗaya kullum a gaban shugabanni, to ba gangancin mutum ɗaya ba ne, tsarin wurin ne. A ƙarshe ka karanta masa abin da ka rubuta cikin harshen da yake ji, ya gyara, sannan ya sa hannu, kuma ka raba abin da ya gani da abin da aka gaya masa.

Za ka ji ana cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Kada ka yi gardama da mai wannan magana, domin yana lallashin zuciyarsa ne a kan ɗan'uwansa da ke kwance. Ka karɓa da girmamawa, ka ci gaba da tambayar wanda ya duba dandamalin da ranar da ya duba shi. Shi kansa majinyacin sai likita ya yarda za ka je wurinsa, kuma gaisuwa da jaje su ne farko.

Bayan shaidu sai takardu: rajistar masu shiga aiki, shaidar horo, littafin duba dandamali da injina, da yarjejeniyar da ke tsakanin babban ɗan kwangila da ƙanana. A Birtaniya, dokar aiki a sama ta 2005 ta wajabta duba dandamali kafin a fara amfani da shi, sannan duk kwana 7, da kuma bayan duk abin da zai iya raunana shi, kamar iska mai ƙarfi. Ka nemi takardun a ranar, domin littafin da aka kawo maka bayan mako guda da tawada iri ɗaya daga farko har ƙarshe abin tuhuma ne.

Sai ka jera abubuwan bisa lokaci, ka riƙa tambayar me ya sa har ka wuce hannun lebura ka isa inda aka yanke shawara. Ya faɗo saboda babu shinge. An cire shingen saboda babu wata hanyar shigo da rodi. Ba a tanadi hanyar ba saboda ba a tsara aikin ɗaga kaya ba tun farko. Masanin halayyar ɗan'adam ɗan Birtaniya James Reason ya bayyana cewa hatsari yana aukuwa ne idan kafofin da ke cikin matakan kariya daban-daban suka zo saiti ɗaya, shi ya sa rahoton da ya kawo dalili guda tak ban cika yarda da shi ba. Inda abin ya fi ƙarfin saninka, ka kira gwani. Rufin kankare da ya rufta aikin injiniyan gini ne, wanda zai yanko samfur ya gwada ƙarfinsa, ya kuma duba ko an cire katakon tallafi da wuri, tunda a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin kankare. Likita kuma zai faɗa ko raunin ya dace da labarin da aka bayar. Kiran gwani yana da tsada, amma bai kai tsadar shari'ar da aka shiga da rahoto maras tushe ba.

Wajen shawarwari, ka fara da kawar da haɗarin gaba ɗaya, kamar haɗa kaya a ƙasa kafin a ɗaga su, sannan shinge da raga masu kare kowa, sannan tsarin aiki da horo. Hular kwano da ɗamara su ne na ƙarshe. Rahoton ya zama gajere, gaskiyar da aka tabbatar a gefe, hasashenka a gefe, kuma kowane gyara ya zo da sunan wanda zai yi shi da ranar gamawa. Ka tara ma'aikatan ka gaya musu abin da aka gano, ba tare da ambaton wanda ya faɗi me ba. Bayan wata ɗaya ka koma wurin ba tare da sanarwa ba, ka hau hawan da kanka, ka girgiza shingen da hannunka.