Motar da ke zafi a cunkoso amma ta huce da zarar hanya ta buɗe

Idan mota tana tafiya lafiya lau a babban titi, amma allurar zafi ta fara hawa da zarar an tsaya a cunkoso, ta riga ta nuna inda ciwonta yake. Lokacin gudu, iskar da ke shigowa ta gaba ce ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwan. Da an tsaya, aikin ya koma wuyan fanka ita kaɗai. Don haka fanka za a fara tuhuma, tun kafin a kwance ko noti ɗaya a jikin inji.

In abin ya same ka a tsakiyar hanya, kashe esi, ka kunna hita har ƙarshe domin ta janye zafi daga ruwan, ka nemi gefe ka kashe inji. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya haura digiri 100, zai iya tsartuwa ya ƙona fuska da hannu.

Gwajin fanka ba shi da wuya. Tayar da inji yana sanyi, ka kunna esi. A yawancin motoci fanka za ta tashi cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Sannan ka kashe esin, ka bar inji yana aiki mota na tsaye, idonka a kan allura. Fanka ta kan tashi da kanta idan ruwa ya kai tsakanin digiri 95 da 105, gwargwadon irin motar. In allura ta wuce rabi sosai fanka shiru, kashe inji ka bi layin wutarta. Fara da fis a akwatin da ke ƙarƙashin bonet. Na fanka yawanci babba ne, amfiya 30 zuwa 50. In ya ƙone, sa mai lamba ɗaya da shi, ba a ɗaure shi da waya. In sabon ma ya ƙone nan take, to injin lantarkin da ke juya fankar ne ke jan wuta fiye da kima, ko wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. Daga nan sai rile, makunnin da ke tura wa fanka wuta: musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin, kamar na ham, ka sake gwadawa. In har yanzu ba motsi, cire soket ɗin fankar ka ba ta wuta kai tsaye daga batir da wayar da ke da fis. Ta juya da ƙarfi? Laifin na sensar zafi ne ko na wayoyi. Ta ƙi, ko sai an ƙwanƙwasa ta take tashi? Burushin da ke ba injinta wuta ya cinye, a canza ta. Sabbin motoci masu akwatin sarrafa gudun fanka ba a yi musu wannan gwajin, sai da na'urar bincike.

Juyawa kaɗai ba ta wadatar. Fankar da aka haɗa wayoyinta a juye tana tura iska gaba maimakon ta zuƙo ta, kuma hakan na yawan faruwa bayan an sa sabuwa. Kanga takarda a gaban lagireto: ya kamata ta manne. Motoci masu fanka biyu kuwa, a tabbatar dukkansu na aiki. Idan fankar irin wadda bel ke ja ce, kashe inji yana da zafi ka juya ta da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka ba turjiya, kulocinta, wato abin da ke haɗa ta da juyin inji, ya mutu.

Fanka ƙalau? Bayan inji ya huce, duba ruwa a cikin lagireton kansa, ba a gorar ajiya kawai ba. Murfin ma mutane suna raina shi, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa, yawanci 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", kuma lambar na rubuce a kansa. In robarsa ta tsage, a canza. Leƙa tsakanin kondensar esi da lagireto, nan ƙura da ganye ke taruwa su toshe iska. Wanke da ruwa mai sauƙin ƙarfi daga baya zuwa gaba, don kada siraran ƙarafan su lanƙwashe.

Idan ka ɗan taka totur mota na tsaye sai allura ta sauko, zargi famfon ruwa ko bel ɗin da ya saki: fukafukan famfon sun cinye, ba sa tura ruwa sosai sai inji ya yi gudu. Tamostat kuwa, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto, idan ta maƙale a rufe, mota na zafi ne a tsaye da tafe, kuma tiyon lagireto ɗaya zai kasance da sanyi inji na tafasa. A canza ta, kada a cire ta a yar. Cire ta ba ya gyara fanka, sai dai ya hana inji kaiwa zafin aikinsa, ya ƙara shan mai.

Kumfa da ke tasowa ba tsayawa a bakin lagireto, farin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai da ya koma kalar madara, alamun gaskit ɗin saman inji ne ya ƙone. Wannan motar a daina tuƙa ta sai an gyara.

Bayan kowane gyara, cika da ruwan sanyaya inji irin wanda kamfanin motar ya ce, rabi da rabi da tataccen ruwa in ba haɗaɗɗe ba ne. Ruwa zalla tsatsa yake kawowa. Bar murfi a buɗe, hita a kunne, inji na aiki har kumfar iska ta gama fita, ka ƙara ruwa ka rufe. Sai ka bar motar a tsaye da esi minti 20, sannan ka kashe esin ka ga fanka ta tashi ta tsaya da kanta aƙalla sau biyu, allura ba ta wuce inda ta saba ba.