Rediyo na shuuu: kurakuran da muke yi wajen neman mai laifi

Dattijo ya kunna rediyo da asuba zai ji labarai a gajeren zango, sai shuuu kamar ana suyar ƙosai. Nan take ya zargi tashar, ko ya kai akwatin wurin mai gyara a babbar kasuwar Maradi. Kuskuren farko ke nan. Sau da yawa rediyon lafiyarsa ƙalau, mai laifin yana cikin ɗaki: cajar salula, ƙwan LED mai araha, cajar kwamfuta, ko inbatan sola. Dukansu suna katse wuta suna maido ta sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, wayoyinsu kuma su zama eriya suna watsa hayaniyar. Gajeren zango ya fi shan wahala. FM, tsakanin 87.5 da 108 MHz, ya fi juriya.

Ka sa wa rediyon batir, ka kama tashar, ka bi kayan gida kana cirewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka cire muryar ta fito ras, shi ne. Wani lokaci nisanta rediyon da shi taku biyar ya isa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ƙullutun nan da ke jikin wayar cajar kwamfuta. Waya ta tsinke, a yanke shi a yar, wai ba ya aikin komai. Shi ne fa ke shanye hayaniyar kafin ta bi waya ta fita. A bar shi inda yake.

Sai masu dogara da tambari. Tun 1979 hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ta sa wa kwamfutoci iyakar hayaniyar da za su fitar, kuma sharaɗinta shi ne kada na'ura ta dami rediyon wani. Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 1989, tana cikin abin da tambarin CE da ake gani a jikin kayan lantarki ke nufi. Amma galibi mai ƙera kayan ne da kansa ke buga CE, masu jabu ma sun iya bugawa. Cajar da ba ta da nauyi a hannu, ba sunan kamfani, ka yi hattara da ita. Irinta ake zare wa matatar hayaniya don a rage kuɗi. Ka je shago da ƙaramin rediyonka, a jona ta, ka kara shi kusa ka ji.

Wasu kuma su sayo na'urar ƙara ƙarfin rezo su kafa a kan soro ba izini. In an kafa ta ba daidai ba, sai ta lalata wa maƙwabta kira. A Nijar, hukumar ARCEP ce ke kula da zangunan sadarwa da amincewa da irin wannan na'ura. In rezo ya yi rauni a unguwarku, ka fara kai kuka ga kamfanin layinka, in ba a share maka hawaye ba, ka rubuta wa ARCEP.