Yadda Ake Bin Tsohuwar Hanyar Oregon ta Alamomin Bakin Titi

Hanyar Oregon ita ce turbar da ayarin masu ƙaura a Amurka suka bi da amalanken shanu daga garin Independence na jihar Missouri zuwa kwarin Willamette a Oregon, tafiyar kimanin kilomita 3,490 da kan ci wata huɗu zuwa shida. Babban ayari na farko, mai mutum kusan 1,000, ya tashi a 1843, kuma hanyar ta fara mutuwa bayan da layin dogo ya haɗa gabas da yamma a 1869. Yau mai son binta da mota zai tarar da alamomi barkatai a bakin titi. Abin da ke ruɗa baƙo shi ne ba kowace alama ce ke tsaye a kan ainihin sawun ba. Wata tana nuna titin da ya fi kusa da hanyar ne kawai, wata kuma an kafa ta a inda bai dace ba.

Fara da yanke yankin da za ka bi

Kada ka ce sai ka gama hanyar duka a zuwa ɗaya. Yankin da ya fi yawan sawu a fili shi ne daga Ogallala a Nebraska zuwa mashigin South Pass a Wyoming, kuma kwana uku zuwa huɗu sun isa. Titi mai lamba 26 zai bi da kai ta Ash Hollow, dutsen Chimney Rock, Scotts Bluff, sansanin Fort Laramie da Guernsey, har garin Casper. Daga Casper ka hau titi 220 zuwa dutsen Independence Rock, sai 287, sai 28 wanda ya ratsa South Pass. Hukumar gandayen ƙasa ta Amurka, wadda ke kula da hanyar tun da majalisa ta ba ta matsayin turbar tarihi a 1978, tana da littattafan jagora jiha-jiha, kyauta a intanet. Sauke su a waya tun kana gari, domin a dajin Wyoming sabis kan ɗauke. Lokaci mafi kyau daga ƙarshen Mayu ne zuwa Satumba.

San irin alamar da ke gabanka

Iri uku ne, kuma aikinsu ya bambanta.

Na farko allunan ƙarfe ne masu ruwan ƙasa da hoton amalanke mai rumfa, an rubuta Auto Tour Route. Ma'anarsu: wannan kwalta ce ke tafiya kusa da tsohuwar hanya. Sawun kansa yana iya kasancewa kilomita da yawa daga gare ka, ko ma a ƙetaren kogi. A wurare da dama za ka ga tambari har huɗu a jere, saboda hanyar Oregon da ta Kalifoniya da ta mabiya ɗarikar Mormon da ta mahayan wasiƙa na Pony Express sun haɗu a nan.

Na biyu duwatsun tunawa ne da aka sassaƙa. Tushensu wani dattijo ne, Ezra Meeker, wanda ya bi hanyar a 1852, sannan a 1906, yana da shekara fiye da 70, ya sake binta da amalanken shanu daga yamma zuwa gabas yana roƙon garuruwa su kafa alama kafin garma ta shafe sawun. Dutsen da ya kafa a South Pass yana nan, ɗan ƙarami, da rubutun Old Oregon Trail 1843-57. A Nebraska kuma akwai duwatsun da jiha ta kafa masu ɗauke da shekarar 1912. Irin waɗannan suna da daraja, amma a riƙa lura: da yawa an kafa su ne inda masu wucewa za su gani, wasu kuma an matsar da su lokacin faɗaɗa titi.

Na uku su ne turaku, farare, na siminti ko na roba mai tauri, a tsaye cikin ciyawa nesa da kwalta. Hukumar kula da filayen gwamnati da ƙungiyar OCTA mai kare tsofaffin hanyoyin Oregon da Kalifoniya, wadda aka kafa a 1982, su ke dasa su a kan sawun kansa. In ka tsaya a gindin ɗaya ka hango na gaba, layin da ke tsakaninsu shi ne hanyar. Waɗannan su ne abin dogaro.

Karanta dutsen kamar takarda

Duba abu uku kafin ka yarda da rubutun: wa ya kafa, a wace shekara, kuma me ya ce daidai. Akwai bambanci tsakanin dutsen da ya ce hanya ta bi ta nan da wanda ya ce ta bi kusa da nan. Misalin da masana ke yawan bayarwa yana kan titi 28, yamma da South Pass. A 1956 aka kafa dutse a wurin da sunan nan ne mararrabar da ayari ke rabuwa, wasu su nufi sansanin Fort Bridger, wasu su yanke ta hamada. Ashe abin da aka gani mahaɗar hanyar ce da wata hanyar keken doki da aka yi daga baya. Ainihin mararrabar tana can fiye da kilomita 10 cikin daji, sai ta hanyar ƙasa. Har yau ana kiran wurin dutsen da mararrabar ƙarya.

Shekarar kuma tana gaya maka da bakin wa ake magana. Tsofaffin duwatsu suna ba da labari ne ta fuskar masu ƙaura, su kira ƙasar daji marar kowa, alhali ƙasar ƙabilun Pawnee ce da Lakota da Shoshone da Cayuse, waɗanda ayarin ya cinye wa kiwo ya kuma kawo wa cututtuka. Wanda ya kai Oregon ya tsaya a cibiyar Tamástslikt kusa da Pendleton, inda 'yan asalin ƙasar ke ba da nasu labarin.

Sauka ka nemi sawun

Nan ne aikin yake. A ƙasa mai laushi ba za ka ga layi biyu na taya ba. Kofato da ƙafar amalanke sun niƙe ƙasar, iska ta kwashe ƙurar, sai ya zama kwari guda mai faɗi kamar tsohon burtali, ciyawa ta rufe shi. Layi biyu da ciyawa a tsakiya yawanci sawun motar makiyaya ne. Je da hantsi ko da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke kwance tana jefa inuwa cikin kwarin; da tsakar rana sai ka taka shi ba ka sani ba. Ciyawar cikinsa kan fi ta gefe kore saboda ruwa na kwanciya a ciki. A fili za ka ga kwari uku ko huɗu a jere, domin amalanke kan baje don gudun ƙura, sai a mashigi ko a bakin kogi su haɗe.

A kan dutse abin ya fi fitowa. A Guernsey, inda kogin North Platte ya tilasta wa kowa hawa tudu guda, ƙafafun amalanke sun ci dutsen yashi har zurfin kusan mita ɗaya da rabi. Mutum na shiga ya kai masa ƙirji. A wasu wurare ka duƙa ka duba duwatsun gefe, za ka ga jan tabon tsatsa inda ƙarfen taya ya goga. A Windlass Hill kusa da Ash Hollow kuwa ruwan sama ya bi sawun gangara ya mai da shi kwazazzabo.

Wata dabara: ayari kan yi kilomita 20 zuwa 25 a yini, kuma kamar fataken Gwanja, ba ya yada zango sai inda akwai ruwa da ciyawa. In ka san zango ɗaya, ƙirga wannan nisa a taswira ka nemi marmaro ko rafi. Dutsen Register Cliff, inda matafiya suka sassaƙa sunayensu, tafiyar yini guda ce daga Fort Laramie.

Abin da ke ɓata tafiya

Laka ce ta farko. Hanyoyin ƙasa na Wyoming suna da yumɓu mai santsi kamar sabulu in ya jiƙe, har mota mai jan ƙafa huɗu kan maƙale. In hadari ya haɗu, koma kwalta. Cika tanki a Casper ko Lander, ka ɗauki ruwan sha aƙalla lita 4 ga kowane mutum a yini. Sa takalmi mai rufi saboda macizai masu ƙararrawa a wutsiya.

Wani yanki mai yawa na hanyar yana cikin gonaki da wuraren kiwo na mutane, don haka ganin turke a bayan shinge ba izinin shiga ba ne. Ƙofar shinge kuma a bar ta yadda aka same ta, a buɗe ko a rufe. Kada ka hau kwarin da mota, taya ɗaya a ƙasa mai danshi na iya lalata shi. A filin gwamnatin tarayya, wata doka ta 1979 ta hana tonowa ko ɗaukar kayan tarihi da suka haura shekara 100, ko da tsohuwar ƙusa ce ko guntun takalmin ƙarfe na shanu. Ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka rubuta lambobin wurin daga GPS, ka kai wa ofishin hukumar filaye mafi kusa.