Kurakuran da aka fi yi wajen saka eSIM a laftof

Kuskuren da ya fi cin kuɗi ana yin sa ne tun kafin a taɓa kwamfutar: mutum ya sayi data ta eSIM, daga baya ya tarar laftof ɗinsa ba ya ɗaukar layin waya kwata-kwata. eSIM ɗan ƙaramin chip ne mai yin aikin katin SIM, da ake haɗawa a cikin na'ura tun daga masana'anta, kuma sai da modem na 4G ko 5G, wato ɓangaren da ke kama sabis ɗin waya, yake aiki. Yawancin laftof ba su da wannan modem, MacBook kuwa babu mai shi ko ɗaya. A Windows 11, shiga Settings, ka buɗe Network & internet. In babu Cellular a jerin, ko dai babu modem, ko direbansa, wato manhajar da ke sa shi aiki, bai hau ba. In akwai, leƙa ciki ka nemi eSIM profiles, domin wasu katin SIM na roba kaɗai suke karɓa.

Sai maganar lambar QR, inda na fi jin tausayin mutane. Kamfani ya turo ta ta imel, hannu ya saba, sai a haska ta da kyamarar waya. Shi ke nan, layin ya sauka a wayar, kuma galibi sau ɗaya lambar take aiki. Kyamarar laftof ce za ta karanta ta: nuna hoton a fuskar waya ko a takarda, ka danna Add profile. In kyamarar ta ƙi, rubuta lambar kunnawa da hannu, wadda ke farawa da LPA:1$, ba tare da ka tsallake harafi ba. Kada ka kashe Wi-Fi a lokacin, ta intanet ake sauke layin.

Layi ya sauka amma shiru? Da yawa suna mantawa su danna Use a kansa, ko su bar kwamfutar tana neman katin roba maimakon eSIM. Duba APN ma, wato sunan da layin ke bi ya shiga intanet, ka saka daidai yadda kamfanin ya bayar. Layin da aka saya don tafiya wata ƙasa yakan buƙaci a kunna roaming, wato damar amfani da sabis ɗin wani kamfani.

Don Allah, kada fushi ya sa ka danna Delete da niyyar sake sakawa. Goge layi ba kamar cire kati ba ne, tsohuwar lambar ba lallai ta sake karɓuwa ba, sai ka koma neman sabuwa wurin kamfani. Fara da sake kunna kwamfutar. In za ka kira su, tanadi lambar EID, wato lambar shaidar eSIM ɗin kwamfutarka mai alƙaluma 32, za su iya tambayarka.

Da intanet ya kama, tabbatar Metered connection, saitin da ke taƙaita cin data, a kunne yake, in ba haka ba Windows Update da OneDrive za su iya cinye datar wata guda cikin 'yan sa'o'i.