Yadda za ka riƙe ɗan'uwan da imaninsa ya fara rawa

Yawancin masu son taimako a minti biyar na farko suke ɓata aikin. Ƙani ya yi ta maza ya ce, "Yaya, ni fa sallar nan ba na jin komai a cikinta," ko ya ce wata tambaya kan ƙaddara ta hana shi barci. Kafin ya rufe baki an jefa masa, "Subhanallahi! Ka san abin da kake faɗa kuwa?" Shi ke nan, ya ja bakinsa ya tsuke. Gaba ba kai zai tambaya ba, wayarsa zai tambaya da tsakar dare.

Saboda haka matakin farko shi ne ka kama bakinka, ka kuma kama fuskarka. Kada ka zaro ido, kada ka rafka salati, kada ka jawo aya tukuna. Ka ce, "Ina jin ka, ci gaba." In ya tsaya, tambaya biyu sun isa: tun yaushe abin ya fara, kuma me ya faru a lokacin? Ni ban yarda a yi wannan magana ta WhatsApp ba. Rubutu ba ya nuna sanyin murya, kuma ana iya tura shi gaba. Ku zauna bayan la'asar, wurin da ba mai shigowa, ko da shayi za ka saya muku.

Me ya sa nake nanata shirun nan? Don firgitar da kake nunawa ba ta da tushe a sunna. A cikin Sahihu Muslim, sahabbai sun zo wa Annabi (SAW) suka ce suna jin wasu abubuwa a zukatansu waɗanda suke ganin girman furta su. Bai tsawatar musu ba, ya ce wannan shi ne tsantsar imani, wato ƙyamar abin da suke ji. Hanzala kuwa, ɗaya daga marubutan Annabi, cewa ya yi ya zama munafuki, don in ya koma cikin iyali da dukiya zuciyarsa ba ta zama yadda take a majalisin Annabi. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Ka faɗa wa ɗan'uwanka waɗannan biyun bayan ya gama magana, ba a tsakiyarta ba.

Sai ka tantance wane iri ne a gabanka, don maganin ba ɗaya ba ne. Akwai mai waswasi: tunani na faɗo masa, yana ƙinsa, yana kuka. Wannan ba a muhawara da shi, ko ka ba shi amsa goma zai dawo da ta sha ɗaya. Umarnin Annabi shi ne ya nemi tsari ya bar bibiyar tunanin. Akwai mai tambaya ta gaskiya, wanda ya karanta ko ya ji wani abu. Shi kam amsa yake so, kuma Annabi Ibrahim ma ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, duba Baƙara, aya ta 260. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Amsar shaci-faɗi ta fi shiru ɓarna. Ka nemo malami mai haƙuri, ba mai zafin mumbari ba, ka raka shi da ƙafarka, kuɗin motar ma kai za ka biya. Na uku shi ne wanda rayuwa ta daka: rasuwa, zaman kashe wando, ko wani mai rawani da ya ci amanarsa. Wannan ba hujja yake nema ba, a dube shi yake so, a taya shi neman abin yi.

Ko wanne ne, riƙe sirrinsa. Ban da majalisa, ban da rukunin 'yan gida, ban da "Hajiya, a sa wane a addu'a" da sigar da kowa zai gane. Kalmar ridda kuwa kada ta fito daga bakinka ko da wasa, ka san abin da take iya jawo wa mutum a unguwa.

Wajen ibada, farilla kawai. Kada ka ɗora masa tahajjud da izu biyu a rana. Ka biya masa ku tafi magariba tare, in ya ƙi ka ƙyale, gobe ka sake. Ka koya masa "Ya muƙallibal ƙulubi sabbit ƙalbi ala dinika". In ka ga yana maimaita alwala ba iyaka, ba ya barci, ya daina cin abinci, ko yana maganar gara ya mutu, a ranar za ku ga likitan ƙwaƙwalwa. Ruƙiyya ba ta hana zuwa asibiti.