Kurakuran da aka fi yi wajen karanta rubutun kaburburan Hijir

Masu fara nazarin kaburburan Nabatiyawa, mutanen tsohuwar masarautar da ke da hedikwata a Petra, da ke Hijir, wato Mada'in Salih ta ƙasar Saudiyya, kusan duk a wuri ɗaya suke tuntuɓe, har maimaita gyaran ya ishi mutum.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar rubutun da ke saman ƙofa a matsayin na tunawa da mamaci. Shaidar mallaka ce aka sassaƙa a dutse. Tana faɗin wanda ya sa aka yi kabarin da waɗanda ke da haƙƙin a binne su a ciki, sannan ta hana sayarwa, jingina, haya ko kyauta. Wanda ya saɓa, tsinuwar gumakansu irin su Dushara da Manat ta hau kansa, ga kuma tara, a wasu kaburburan tsabar azurfa 1,000. Sunan farko na mai kabarin ne, kabarin kuwa na dangi ne. A na Hinat 'yar Wahbu kaɗai an tono ƙasusuwan mutum kusan 80. In ka rubuta "nan Hinat take kwance" ka wuce, ka share zuri'a guda saboda gaggawa! Shawarata, kafin ka fassara ko kalma ɗaya, raba takardarka gida huɗu: mai kabari, magada, hani da tara, kwanan wata.

Kwanan watan ma wani ramin ne. Da shekarun sarauta suke ƙirga. Sarkin Nabatiyawa Harisa na huɗu ya hau mulki shekara 9 kafin Miladiyya ya kai shekara ta 40, Maliku na biyu ya riƙe daga 40 zuwa 70, Rabbel na biyu daga 70 zuwa 106, lokacin da Rumawa suka haɗiye masarautar. To "shekara ta 9 ta Harisa" ta faɗo ne a bakin shigowar Miladiyya. Kuma babu shekarar sifiri, amma kullum sai an samu mai sakawa, lissafinsa ya goce da shekara ɗaya.

Sunan da yakan zo a ƙarshe na masassaƙi ne, kar ka jera shi cikin magada.

Harshen Aramiyanci ne, ko da yake daga wannan rubutu haruffan Larabci suka samo asali, don haka sanin Larabci kaɗai ba zai fishe ka ba.

Kaushin gindin Ƙasarul Farid, babban kabarin da ke tsaye shi kaɗai a Hijir, ba zaizaya ba ce. Daga sama suke fara sassaƙa su gangaro, aikin ne ba a ƙarasa ba.

Kuma don Allah kar a jiƙa rubutu ko a shafa masa alli don ya fito a hoto, dutsen yashi ne, marmashewa yake. A jira lokacin da rana ta haska bangon a kaikaice, inuwa ta cika ramukan haruffan.