Yadda Ake Bin Diddigin Tarihin Tsohon Gidan Zamanin Mulkin Mallaka da Ake Cewa Akwai Fatalwa

Da wuya ka ga tsohon gidan da Turawan mulkin mallaka suka bari ba tare da wani labari ya manne masa ba: ana jin takun ƙafa da dare, ƙofa na buɗe kanta, wani ya mutu a ɗakin sama. Mai son gano gaskiya ya tanadi littattafai uku, ɗaya na abin da takardu suka nuna, ɗaya na abin da ginin kansa ya nuna, ɗaya na abin da mutane ke faɗa. Kada ka cakuɗa su tun farko, domin nan ne yawancin masu bincike ke ɓata aikinsu.

Fara da takardu. Nemi lambar fili a ofishin ƙasa da safiyo, ka bi sunayen masu mallaka daga na yanzu zuwa baya, ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake. Idan gidan gwamnati ne a ƙasar da Ingila ta mallaka, galibi ma'aikatar ayyuka ce ta gina shi, don haka za ka same shi a rahotonta na shekara da kasafin kuɗi. Gazet ɗin gwamnati da jerin sunayen ma'aikata suna nuna wanda aka tura garin, ranar da ya tafi hutu, da ranar mutuwarsa idan a bakin aiki ya mutu. Abin da ya ɓace a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, sau da yawa akwai kwafinsa a ma'ajiyar da ke Kew a Landan. Kwatanta tsofaffin taswirori biyu: in gidan babu a ta farko amma ya fito a ta biyu, ka kama tsakanin shekarun da aka gina shi. A kula, sunayen tituna da lambobin gidaje suna canjawa, kuma mutane da dama sun ɗora wa gida tarihin maƙwabcinsa saboda haka.

Sai ginin. Hau cikin silin da tocila ka duba katakon rufi, don shi ne wurin da masu gyara ba su cika taɓawa ba. Ƙusa mai kusurwa huɗu ta girmi ƙusa mai zagaye, wadda ba ta yawaita ba sai ƙarshen ƙarni na 19. Sawun zarto mai lanƙwasa a jikin katako na injin ne, wanda ya tafi a karkace ba daidai ba na hannu ne. An yi rajistar ƙirƙirar simintin Portland, wato kakan simintin da ake gini da shi a yau, a 1824, kwanon rufi mai tudu da kwari a 1829, saboda haka ba za su kasance a ginin asali da ya riga waɗannan shekaru ba. Amma kwano ana sauya shi, kada ka yanke hukunci da abu ɗaya. Kafin ka taka dakalin katako, soka shi da sukundireba, gara kan cinye ciki ta bar fatar waje. Sa takunkumi mai tace ƙura, domin busasshen kashin jemage na ɗauke da ƙwayar cutar huhu.

Wajen jin ta bakin mutane, tambayi kowa shi kaɗai, kuma tambaya biyu ce ke da nauyi: kai ka gani ko an faɗa maka, kuma a wace shekara ka fara jin labarin? Idan labarin bai bayyana ba sai bayan gidan ya zama kango ko wurin yawon buɗe ido, wannan ma shaida ce. Gidan Myrtles da ke Luwiziyana a Amurka, wanda aka gina a 1796, ana yaɗa cewa an kashe mutum goma a cikinsa, amma kisan wani mazaunin gidan mai suna William Winter na 1871 kaɗai takardu suka tabbatar. Matar gidan da ake cewa baiwa ta ba ta guba kuwa, zazzaɓin shawara ne ya kashe ta.

Game da ƙararrakin dare, kwana a gidan ku biyu da izinin mai shi, kuna rubuta lokaci, wurin da ƙarar ta fito, yanayin iska da ma'aunin zafi. Rufin ƙarfe mai tsawon mita 10 idan ya huce da digiri 30 yana tsukewa da kusan milimita 3 da rabi, yana goga jikin ƙusa kaɗan-kaɗan, sai ka ji kamar ana tafiya a sama. Ƙarar da ke zuwa bayan faɗuwar rana kullum ta lafa kafin tsakar dare, ta rufin ce. Mujiya na huci da ƙara kamar mutum, bututun ruwa na bugawa idan aka rufe famfo da sauri, ƙofa kuma na buɗe kanta idan ginin ya zauna ƙyauren ya karkata. Ɗora ma'aunin magini ka gani.

Abin da ba a wasa da shi shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. A 1921 likitan ido William Wilmer ya wallafa labarin wasu iyali a Amurka da suke jin taku suna ganin mutane a ɗaki, ga ciwon kai da kasala, ashe murhun ɗumama gida ne ya lalace yana tura musu iskar. Da aka gyara, komai ya tsaya. Idan mazauna gida na tashi da ciwon kai da jiri amma suna samun sauƙi in sun fita, a fitar da kowa, a kashe janareta da duk wani murhu, a sa na'urar gano iskar kusa da ɗakunan kwana. Wanda kuma ya farka ya kasa motsi yana jin an danne masa ƙirji, dannau ne, ƙarancin barci da kwanciya rigingine na ƙara shi, kuma yana iya samun mutum a sabon gida ma.